Ƙullun da Ya Kwana Uku

A Rijiyar Ɗorawa, gab da rumfar masu faci,
nan Kawu ya kafa tandarsa shekara talatin da ɗoriya.
Zane a ƙirji, kwalli a ido,
lalle ja har wuyan hannu,
tsinke na juya waina kamar mai buɗe shafin littafi.

Ina ƙarama sunan ba shi da haƙora.
"Tafi wurin ɗan daudu ki sawo ta sule biyar,"
haka Inna Atine kan ce,
da muryar da take cewa maƙeri, ko wanzami, ko mai goro.
In ana suna a gida shi ake aika wa tun jajibiri,
shi ya san gishirin tukunyar mutum ɗari,
shi ke sakar wa dangin miji habaici
su yi dariya har su share ido da gefen mayafi.
Kakata ta ce daga masu girka sunan ya fito,
wai na wani ɗan sarauta ne cikin mutanen ɓoye,
mai son ado da turare.
Ban sani ba.
Ni dai in na ji shi, yawuna ke tsinkewa.

Ba a yi shela ba ran da ya juya.
A bakin Dikko ɗan ajinmu na fara ji,
ya jefi wani yaro da shi don ya yi kuka a filin ƙwallo.
Sai a lasifika, an ɗaura masa la'ana a wutsiya.
Sai a bakin ɗan kabu-kabu da aka sha gabansa a shataletale.
Duk wanda ya karɓa sai ya wasa shi a dutse kafin ya miƙa.
Harafi ko ɗaya bai ragu ba,
leɓe ne ya koyi taɓewa kafin ya sake shi.

Su Kawu suka matsa, suka bar wa gari sunan.
A tsakaninsu suka ce ƙawa, suka ce Hajiya, suka ce ke,
suna rufewa kamar kwanon miya in an ga ƙuda.
Ba a yi damina biyar ba yaran unguwa suka tsinta,
hannu a ƙugu, murya siririya,
"Hajiya! Hajiya!" har ƙofar gidan haya.
Wannan ma ya ƙone.

Ɗana Tukur ya dawo daga jami'a da na Turawa,
ya ce shi ne na mutunci, shi ake rubutawa a takarda.
Na ce to.
Kafin azumi na gan shi a wayarsa,
abokansa na jifan juna da shi, da 'yar fuskar dariya uku a gefe.

Shekaranjiya na zauna a bencinsa, zufa na bin bayana,
na ce, "Kawu, wanne zan riƙa faɗa?"
Bai ɗago ba.
Ya bi gurbi-gurbi da mai, ya bi da ludayi.
"Ɗiyata, ƙullu in ya kwana ɗaya tashi shikai.
In ya kwana ukku hannun wanda bai damu ba, zubaswa akai.
Ba laihin shinkahwa ba na.
Ko zuma kunka kira mu,
bakin ga dai na za shi ɗauke ta."

Ya tsame shida, ya ƙara biyu gyara.
"Akwai wanda ubana ya raɗa, da rago da goro.
Shi kam bai yi tsami ba,
don ba a cika taɓa shi ba."

Wani yaro ya wuce a keke, ya wurgo abin da ya wurgo.
Kawu bai waiga ba.
Na ƙulle ledata, na gyara mayafi,
na ce, "Kawu Lawali, sai gobe."

Tsinken ya tsaya a iska,
har waina ɗaya ta ƙone.